Na kasa miƙa kyamarata ga mai saye: me ke tsakaninmu da waɗannan ƙarafa?

Mai Hoton Fagge:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu a sana'a. Wani abu ne ya same ni jiya da la'asar, har yanzu ina ta juya shi a raina. Kun san tsohuwar Canon 5D Mark II ɗina, wadda na saya ta hannu a 2014. Wata uku ke nan ina tara kuɗi zan koma Sony A7 III, don masu biki yanzu hoto da bidiyo suke so a haɗe, ita kuwa tsohuwar da haske ya yi ƙasa sai ta yi ta laluben fuska. Na sa ta a kasuwa. Wani yaro ɗalibi ya zo shago, muka yi ciniki, na ce na sallama, har ya ciro waya zai tura kuɗi. Na ɗauko ta zan kwance igiyar wuya, sai babban yatsana ya sauka a wurin nan na baya inda robar ta lotsa daidai girmansa. Wallahi sai hannuna ya ƙi miƙawa. Na ce masa ya yi haƙuri ya ba ni kwana biyu. Ya tafi ransa ba daɗi, kuma yana da gaskiya.

Abin da nake tambaya: mene ne wannan? Ban taɓa jin haka ba da na sayar da janareta ko firinta. Kuma na lura ba ni kaɗai ba ne, da yawanmu idan muna maganar kyamara kamar muna maganar ɗan uwa.

Dillalin Kyamara:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka yi haƙuri zan faɗi abin da nake gani kullum a teburina. Wannan abu da kuke kira ƙauna, rabinsa sabo ne, rabinsa talla ce da kamfanoni suka ɗura mana. Ku dubi Fujifilm X100VI da ta fito a 2024: mutane suka yi layi a duniya suna jira wata da watanni, da yawansu ba su san me za su ɗauka da ita ba, sun dai gan ta a TikTok ta yi musu kyau a wuya. A 2022 an yi gwanjon wata kyamara ƙirar Leica ta 1923 a kan Yuro miliyan 14.4. Wane hoto za ta ɗauka da wayar hannunka ba za ta fi ta ba? Abin da ya fi damuna shi ne yara. Suna ganin manya na kirarin kyamarorinsu, sai yaro ya ci bashi ya sayi abin da aikinsa bai kai ba, wata shida ya dawo mini da ita ya karyar. Kyamara kayan aiki ce. Idan ta gaji a sauya ta.

Baba Mai Yashica:
Ɗana dillali, maganarka a kan yara gaskiya ce, ban ƙi ta ba. Amma ka haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Mai son kyamarar da bai mallaka ba, wannan kwaɗayi ne. Mai Hoton Fagge kuwa yana son wadda ta tsufa a hannunsa, wadda kai da kanka ba za ka ba shi kuɗin kirki a kanta ba. Wane kamfani ne zai ci riba da wannan? Ai asara suke yi da irinsa.

Bari in ba ku nawa. Na fara da Yashica Mat-124G, mai ido biyu, sama da ƙasa. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba: ba a ɗora ta a fuska, a ciki ake riƙe ta, ka buɗe murfin sama ka leƙa ƙasa. Fim ɗinta hoto 12 kacal yake ci. Kuma abin da ke dama a gilashin sai ka gan shi a hagu, idan mutum ya matsa gabas kai sai ka ga ya yi yamma. Na yi wata biyu kafin hannuna ya daina rikicewa. Bayan nan ko tunani ba na yi, jikina ya haddace.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne wannan. Idan zan ɗauki dattijo, ko wani basarake a zaurensa, dole in sunkuyar da kai don in ga hoton. Sai ya zama kamar gaisuwa nake yi. Ba na tsare shi da ido, ba na nuna shi da ƙarfe a saitin fuska. Sai ka ga mutum ya saki jiki, ya gyara rawani, ya zauna yadda yake zama a gidansa. Da na koma kyamarar da ake ɗorawa a ido, na daɗe ina jin kamar rashin kunya nake yi wa manya. Wannan Yashica ita ta koya mini ladabin ɗaukar hoto. Ita ta yi mini sadaki, ita ta sayi filin da nake ciki. Tana nan a akwatin ƙarfe, na naɗe ta a tsohon rawanin mahaifina. Fim ya yi wuyar samu, amma duk Juma'a nakan ciro ta in murɗa hannun in danna, don kada man da ke ciki ya daskare.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan maganar sunkuyawa ta taɓa ni.

Ni tawa ba tsohuwa ba ce sosai, Nikon D750 ce, amma kuɗin adashin mahaifiyata ne a cikinta. Lokacin da na ce hoto zan yi, dangi kowa ya ce ba sana'ar mace ba ce. Ita ta ce, mata na ɗakin amarya suna lalle ba mayafi, wa ya fi dacewa ya shiga, namiji ko 'yarta? Ta kwashi adashinta ta ba ni. Yau duk inda ake kamu ko wankan amarya a unguwarmu, ni ake kira saboda ina shiga inda maza ba sa shiga.

Malam dillali ya ce sabo ne. To sabo ƙaramin abu ne? Ranar kai amarya wutar lantarki ta ɗauke, ɗaki ya yi duhu, kakar amarya ta riƙo hannunta tana yi mata nasiha tana kuka. Wannan ba ya jiran kowa. Yatsuna suka ƙara ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, suka buɗe lens, gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa, ban ɗauke ido daga kansu ba ko sau ɗaya. Da baƙuwar kyamara ce a hannuna, ina neman maɓalli abin ya wuce. Duk wanda ya taɓa aron kyamarar wani ya tafi aiki ya san yadda ake ji, kamar ka shiga madafin da ba naka ba kana neman ludayi.

Dillalin Kyamara:
Hajiya, na yarda da batun hannu. Amma sabuwar ma wata uku za ki saba. Ni dai ba na so mutum ya ƙi ci gaba saboda tausayin ƙarfe. Kodak ce ta fara ƙera kyamarar dijital a 1975, injiniyanta Steven Sasson ya haɗa ta, amma suka riƙe fim suka ƙi saki, a 2012 suka shigar da takardar karyewa. Mai hoton da ya riƙe tsohuwa haka zai ƙare.

'Yar Zazzau:
Ban ce kada a sauya ba. Ni ma ina da niyyar ƙara wata. Tambayar Yaya ita ce me ya sa hannunsa ya ƙi, ba wai ko ya kamata ya sayi sabuwa ba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Akwai abin da ba a taɓo ba, wato fatarmu. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara tana ɗaukan duk abin da ta gani ta mayar da shi tsaka-tsaki, ruwan toka. To ka kawo mata baƙin mutum cikin farar shadda da farin rawani, da rana tsaka, ranar Sallah. Farin zai rinjaye ta, ta rage haske, fuska ta nutse ba ka ganin komai sai idanu. Idan ka ƙara da yawa kuma aikin allurar da ke gaban riga ya ƙone, mai riga ya ce ina aska takwas ɗin da ya biya kuɗi a kanta. Tsakanin waɗannan biyun akwai wata 'yar siririyar hanya, kuma kowace kyamara da inda tata take. Tawa na san idan na ƙara haske da kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya a ma'auninta, fuska za ta fito, zaren ma ya tsira. Ta abokina ba haka take ba, ko da kamfaninsu ɗaya.

Wannan ilimi ba ya cikin littafin da ke zuwa a kwali. Ko a zamanin fim, katin da Kodak ke raba wa masu wankin hoto don su daidaita launi, hoton Baturiya ne a jiki shekara da shekaru. Mu da kanmu muka koyi yadda za mu fito da fuskokin mutanenmu. Saboda haka idan na ce ina son kyamarata, shekarun da na yi ina karantar halinta nake nufi. Ranar da na sayar da ita, wannan karatu ya tashi daga aiki, sai in koma aji ɗaya da wata.

Baba Mai Yashica:
Haka yake ɗana. Mu a ɗakin wanki muke gyara shi, mu kare fuskar da tafin hannu a ƙarƙashin fitila, mu bar rigar ta ƙara shan haske.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Ni ne nake ganin cikinsu, bari in ce wani abu. Shekaruna a gyara sun nuna mini ana gane mai kyamara tun kafin a kwance dunƙule ɗaya. Akwai wadda za a kawo fes kamar yau ta fito daga kwali, ka duba adadin dannawa bai kai dubu biyu ba. Akwai wadda fenti ya goge a kusurwa har ƙarfe ya fito, roba ta saki saboda gumi, ƙurar hunturu ta shiga kowane lungu, amma gilashin gaba tas, ba ko zane. Mai irin wannan ba ya ajiye ta ya tafi. Zai ja kujera ya zauna, ina kwancewa yana tambaya, kamar wanda ya kawo ɗansa asibiti. Wani dattijo ya taɓa kawo mini Pentax K1000, na ce masa kuɗin gyaran ya fi kuɗin wata irinta. Ya ce ai ba irinta ya zo nema ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba lambar yabo ta Zakin Zinare a baje kolin fasaha na Venis a 2007, shi ma a lokacin rayuwarsa mai gyaran kyamara ne, shagonsa a unguwar Bagadadji cike yake da tsofaffin kyamarori jere a kan katako. Seydou Keïta, shi ma na Bamako, da Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. Ojeikere namu na Najeriya, wanda ya ɗauki hotunan kitso kusan dubu, da Brownie D ya fara a 1950. 'Yan akwatuna ne masu arha, amma duk wanda zai ba da tarihin waɗannan mutane sai ya ambace su. Kyamarar farko tana shiga tarihin mai ita.

Yaya na Fagge, ita 5D Mark II kamfani ya ƙiyasta labulenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe a ciki duk lokacin da aka danna, a kan dannawa 150,000. Taka na san ta wuce nan da nisa, don ni na sauya mata labule. Da sauranta. Abin da ke kashe su a nan biyu ne: ƙurar hunturu, da kuma danshin damina da ke sa lens ya yi fumfuna a ciki kamar saƙar gizo. Wanda ke ƙaunar tasa da gaske, kada ya kulle ta a jaka da damina, ya sa ta inda iska ke ratsawa da 'yan ƙullin silika, kuma kada ya sauya lens a fili ranar hawa, dawakai na tayar da ƙasa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni abin da na gani shi ne kyamara tana wurin da kowa ba ya nan. Na bi hawan Daushe a Kano shekara biyu, tun daga Kumasi nake tasowa. A Ƙofar Kudu, lokacin da mahaya suka sako dawakai suka zo jafi, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata, ni da ita ne kawai a tsugune. Na dawo gida na ba iyalina labari, sun saurara, sun ce ma sha Allah. Amma ba su ji abin da na ji ba. Har yau akwai ɗan tabo a murfin lens inda tsakuwa ta same shi ranar. Idan na gan shi sai in ji algaita.

Akwai Bature Don McCullin, wanda ya ɗauki hotunan yaƙin Biyafara. A Kambodiya harsashi ya sami Nikon F ɗinsa maimakon shi. Ya ajiye ta da raminta, har ana nuna ta a gidan tarihi. Wa zai ce masa ƙarfe ne kawai?

Kuma shi ya sa sai a tsakaninmu muke wannan magana. A gida idan ka ce kana kewar kyamara za a dube ka. Mai sana'a ne kaɗai zai gane.

Ɗalibin Hoto:
Iyayena ina da tambaya, ku gafarce ni. Ni da waya nake ɗauka, ban kai ga sayen kyamara ba. Na sauya waya sau uku ban ji komai ba. Ke nan ban zama mai hoto ba tukuna?

'Yar Zazzau:
A'a ƙanena, kada ka sa wannan a ranka. Waya tana yi maka abu ɗari, kuma ita ke yanke shawarar haske da launi, kai dai ka danna. Shi ya sa ba ka jin kun yi aikin tare. Idonka shi ne jarinka, ci gaba da horar da shi. Kuma ka ji maganar Malam dillali, kada ka ci bashi don ka shiga sahu.

Malamin Islamiyya Mai Son Hoto:
Na karanta duka. Wani zai iya jin tsoro ko son abin duniya ne ya kama shi. Ni ban ga haka ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kayansa suna da sunaye: taguwarsa Ƙaswa'u, alfadararsa Duldul, takobinsa Zulfiƙari. Kuma ya dubi Uhudu ya ce dutse ne da yake son mu muke son sa, yana cikin Buhari da Muslim. Mu ma a gargajiyarmu mahayi yana kiran dokinsa Kili ko Danda ko Akawali, maƙeri ba ya yarda a zauna a kan uwar maƙerarsa, makaɗi yana yi wa gangarsa kirari. Abin da aka ci abinci da shi ana ganin girmansa. Wannan godiya ce, ba laifi. Laifin yana farawa ne idan ta sa ka alfahari, ko ta sa ka tauye haƙƙin wani.

A nan ne zan ja hankalinka Malam na Fagge, don kowa ya yi maganar kyamara, ba wanda ya yi maganar yaron. Ka ce ka sallama. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciniki yana ƙulluwa da zarar mai saye ya nema mai kaya ya amsa, ba sai an rabu a wurin ba. Ke nan a yanzu ba kai kaɗai ke da magana a kanta ba. Idan kana son ta zauna, sai ka roƙe shi ya warware maka don Allah, kuma akwai lada babba ga wanda ya warware wa ɗan uwansa cinikin da ya yi nadama. Idan ya ce yana so, tasa ce.

Mai Hoton Fagge:
Subhanallah. Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi tunanina bai je nan ba, kaina kawai nake dubawa. Zan kira shi yanzu.

Baba Mai Yashica:
Ɗana, kafin ka kira ka ji wannan. Tawa tana akwati, na gaya muku. Amma wani lokaci idan na ciro ta ina jin tausayinta, don shekara nawa ba ta ga fuskar mutum ba. Da na sami yaro mai so tun fim yana da arha, da na ba shi. Idan ka sayi sabuwa, wannan za ta koma kabad, ka riƙa ciro ta sau biyu a shekara. Ka tambayi yaron me zai yi da ita, ka saurari amsarsa da kyau.

Dillalin Kyamara:
A nan dai ni da Baba mun haɗu.

Mai Hoton Fagge:
Na dawo. Ya zo shago bayan isha'i. Na ba shi haƙuri, na gaya masa maganar Malam, ya ce idan ina so ya warware ba komai. Sai na tambaye shi kamar yadda Baba ya ce. Ashe shekara biyu yana bin wani mai hoto yana riƙe masa fitila, yana tara kuɗin. Ya buɗe waya ya nuna mini abin da ya ɗauka a marinar Ƙofar Mata, hannun wani tsoho ya fito daga rijiyar baba, shuɗi har gwiwar hannu. Yaron yana da ido. Na ba shi ita, da batir biyu da katin da nake aiki da shi. Mun zauna kusan awa biyu ina nuna masa halinta: ya dogara da ɗigon tsakiya wajen kama fuska, sauran takwas ɗin suna yaudara a duhu, kuma kada ya wuce ISO 1600 idan hoton za a wanke babba. Ban ɓoye muku ba, da ya fita na zauna shiru na ɗan lokaci. Na roƙi mai kula da zaure ya sa shi a cikinmu.

Sabon Mai 5D:
Assalamu alaikum iyayena, na gode da karɓata. Yaya, na gode ƙwarai. Ina da matsala ɗaya: tun da safe nake juya babban faifan nan na baya, ba ya sauya komai. Ko na ɓata wani abu ne?

Mai Hoton Fagge:
Ba ka ɓata komai ba ƙanena. Dubi makunnin da ke ƙasan faifan, hawa uku gare shi. Kai ka tsaya a ON. Ƙara tura shi sama zuwa ɗan layin nan da ya lanƙwasa, faifan zai tashi. Kuma idan za ka sa kati ka sa shi a hankali, kada ka tilasta, akwai siraran ƙusoshi a ciki da ke lanƙwashewa.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Kuma ka kawo mini ita in share mata ciki kafin hunturu ya shigo. Na farkon ba sai ka biya ba.